Zane marar siffa mai sa natsuwa: me ya sa nawa ke fitowa kamar fentin bango?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Tambayata a kan zanen nan ne na zamani marar siffa, wanda babu mutum, babu dabba, babu gida a cikinsa, launi ne kawai da layi, amma in ka tsaya a gabansa sai ka ji hankalinka ya kwanta, ba ka son gusawa. Irin aikin Agnes Martin, mai zane ta Amurka, nake nufi, da na masu zanen Koriya ta Kudu. A hoton waya sai ka ce ko yaro zai iya. Da an sa hannu sai a tarar ba haka abin yake ba.

Ga yadda aikin ke lalacewa. Ƙyallen akoko ne, santimita 80 a kan 80, an ɗaure shi a katako, an shafa masa farin fentin bango hawa biyu. A kansa sai akirilik, wato fentin roba na masu zane, da aka tsinka da ruwa. In an tsinka shi sosai sai ya bushe gaɓa-gaɓa, duk inda jan buroshi ya haɗu da na baya sai layi mai duhu ya fito. In an bar shi da kauri don ya rufe, gaɓar ta ɓace, amma zanen ya mutu, ba shi da bambanci da bangon ɗaki. Ga ƙura tana manne masa, ga kuma shacin katakon baya yana fitowa ta gaba.

Matsalar kayan aiki ce, ko ta hannu, ko tun daga tunani aka kauce? Kuma ana iya yin irin wannan aiki da abin da muke da shi nan Damagaram, ƙaro da jar ƙasa da shuni, ba sai an yi aike Kano ko Yamai ba?

Malam Mai Zayyana:

Wa alaikumus salam ƙanena. Yawancin abin da ka lissafa ba daga launi yake ba, daga abin da ke ƙarƙashinsa ne. Fenti mai kauri yana rufa wa shimfiɗa asiri, mai ruwa-ruwa kuwa tona ta yake yi.

Fara da akokon. Yana zuwa da sitaci daga masaƙa, kuma sitacin bai bazu daidai ba. Wanke shi da ruwan zafi, ka shanya, ka goge, sannan ka yanka, don yana tsukewa bayan wanki. Bar rarar santimita 7 ta kowane gefe. Shacin katako kuwa aikin kafinta ne: ka ce ya fere fuskar katakon ta gangara ciki, yadda bakin waje kaɗai, kamar milimita 5, zai taɓa ƙyallen, sauran ya ja baya da milimita 4 ko 5. In fuskar a shafe take, duk jan buroshi yana danna ƙyalle a kan kaifin katako, launi ya taru a wurin. Sandar tsakiya ita ma a mayar da ita baya. Hanya mafi sauƙi ma, ka kafe ƙyallen a kan faffaɗan filawud da ƙananan ƙusoshi, ka gama zanen a can, daga baya ka ɗaure shi a katakonsa.

Fentin bango gari ya yi masa yawa, gam ya yi masa kaɗan. Shi ya sa yake zuƙe ruwa nan take, kuma wani wuri ya fi wani ƙishi. Ka fara toshe ƙyallen da farin gam na kafintoci, kashi 1 a ruwa kashi 3, hawa ɗaya, ya kwana. Sannan shimfiɗa: farin fenti kashi 2, gam kashi 1, garin alli da aka tankaɗe kashi 1, a zuba ruwa har ya yi kaurin koko. Hawa uku, na farko a kwance, na biyu a tsaye, na uku a kwance, tsakaninsu awa 3 zuwa 4. In na ƙarshe ya kwana, bi shi da sanfefa mai lamba 220, hannu sama-sama, ka goge garin da tsumma mai ɗan laima. Gwajinta ɗigon ruwa ne. In ya ɓace cikin daƙiƙa 5, ƙishi ya yi yawa, ƙara hawa ɗaya na gam kashi 1 a ruwa kashi 5. In ya dunƙule yana gangara bai jiƙa wurin ba, gam ya yi yawa, koma wa sanfefa. Wanda ake so shi ne ya zauna kusan minti guda yana shiga a hankali. Gam ɗin kafintoci yana yin tauri, ya ɗan sauya launi da shekaru, saboda haka duk ranar da ka samu jeso, wato haɗaɗɗen farin fentin shimfiɗa na masu zane, shi ya fi.

Gaɓa kuma dalilinta ɗaya ne: bakin jan farko ya bushe kafin na biyu ya iso, sai launi ya hau kansa ninki biyu a wurin haɗuwa. Da hunturu laimar iskar garin nan takan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100, akirilik mai ruwa-ruwa ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Don haka lokacin aiki daga bayan asuba ne zuwa wajen ƙarfe 9. Rufe taga, ka yayyafa wa daɓe ruwa rabin awa kafin ka fara, ƙura ta kwanta, iska ta yi laima. Fesa wa ƙyallen ruwa mai tsabta, ka jira ƙyallin ruwan ya ɗauke, ya rage sanyi kawai in ka ɗora bayan hannu.

Haɗin launi: akirilik kashi 1, ruwan gam ɗin akirilik marar launi kashi 4, ruwa kashi 5. In ruwa zalla ka zuba masa ninki goma, abin da ke riƙe launin ya yi kaɗan, hawa na gaba sai ya kwashe na baya. Haɗa mililita 150 gaba ɗaya ko da ba za ka cinye ba, don wanda ya tsaya haɗa launi a tsakiyar hawa ya riga ya yi gaɓa. In kana da maganin hana saurin bushewa kada ya wuce kashi 15 cikin 100, in ya wuce fenti ya kwana biyu yana danƙo, ƙura ta samu wurin zama.

Buroshi mai laushi, faɗin santimita 8 zuwa 10. Ka ɗan jingine ƙyallen yadda ruwan launin zai taru a ƙasan kowane ja, ka ja daga wannan baki zuwa wancan ba ɗagawa, ja na gaba ya hau kashi ɗaya cikin uku na na baya ya kwashi ruwan da ya taru. Duk hawan kada ya ci maka minti 3. In ka hango wurin da bai ji ba, kada ka koma masa. Komawa kan fentin da ya fara kamawa shi ke yaga rami mai fari a tsakiya da baƙin baki, wanda hawa biyar ba ya rufewa. Wurin da ka bari kuwa hawa na gaba zai daidaita shi.

Hawa 8 zuwa 15 ake yi, awa guda aƙalla tsakaninsu, ana juya ƙyallen kowane karo, ana kuma ɗan karkata launin: wannan ya ɗan yi ja, na gaba ya ɗan yi shuɗi. Haske yana ratsa su ya taɓa farar shimfiɗa ya dawo, shi ne zurfin da ido ke ji. Fentin bango a fuska yake mayar da haske, babu inda ido zai shiga. Mark Rothko na Amurka da irin waɗannan siraran hawa ya gina manyan zanukansa. Ka ajiye guntun ƙyalle mai shimfiɗa iri ɗaya a gefe kana shafa masa duk abin da ka shafa wa babban, don akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, jiƙaƙƙe yaudarar ido yake yi.

Hajiya Mai Shuni:

Sannu da ƙoƙari Malam. Ni kan tambayarsa ta ƙarshe zan tsaya. Ɗana, kayan gida ba maneji ba ne a wannan aiki, a ganina sun ma fi dacewa da shi. Launin ƙasa ba ya ƙyalli, ba ya tsone ido, kuma launukan da suka fito rami ɗaya ba sa faɗa da juna. Yun Hyong-keun na Koriya, wanda ya rasu a 2007, shekaru da dama launi biyu ya riƙe, ƙonanniyar ƙasa da shuɗi, yana tsinka su yana barinsu su tsotsu cikin ɗanyen ƙyalle har bakinsu ya bazu.

Wankin ƙasa shi ne rabin aikin. Ɗebo jar ƙasa ko mai ruwan ɗorawa, ka daka, ka tankaɗe da rariya. Zuba mudu ɗaya a bokiti da ruwa ninki biyar, ka dama sosai, ka jira daƙiƙa 30 zuwa 60 yashi ya nutse, ka tsiyaye ruwan mai launi cikin wani bokiti ta bakin tsumma. Ya kwana, ka zubar da garau ɗin sama. Sake zuba sabon ruwa ka maimaita sau biyu. Kada ka yi ƙyuyar wannan: in da kanwa ko gishiri a ƙasar, da damina ta shigo za su taso fari-fari a fuskar zanen. Laushin da ya kwanta ka shanya a faranti a inuwa, ka rufe da ƙyalle. Niƙa shi da ɗan ruwa a kan gilashi mai kauri da gindin kofin gilashi, har sai ka murza tsakanin farce biyu ba ka ji ƙaras-ƙaras ba.

Ga wata dabara mai amfani ga mai neman launuka masu kusanci. Ƙasa mai ruwan ɗorawa in ta ji wuta wajen digiri 300 ja take komawa. Zuba busasshen garin a kasko a kan garwashi, kana juyawa, kana ɗebe cokali biyu duk minti 5. Za ka tashi da launi huɗu ko biyar daga ɗorawa zuwa ja, kowane na bin na gabansa.

Ƙaro kuwa na ɗakwara za ka nema, ka tsince ƙwayoyin da suka fi haske, don masu duhu suna ɓata fari. Giram 100 a ruwa mililita 200, ya jiƙu kwana ɗaya ko biyu, ba a tafasa shi, ka tace. A kowane mililita 100 na ruwan ƙaron zuba zuma cokalin shayi biyu don kada ya tsage, da ɗigo biyu na man kanumfari don kada ya yi tsami da wuri. Da bazara ƙanƙani za ka riƙa haɗawa. Zuma in ta yi yawa fenti ba ya bushewa sosai, kuma ka gayyato kiyashi. Garin ƙasa da ruwan ƙaro kai da kai ake farawa, sannan gwaji: shafa a takarda, ya bushe, ka goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙara ƙaro. In yana ƙyalli kuma ya tsage da ka lanƙwasa takardar, ƙara gari.

Amma ƙaro yana da iyaka, gara ka sani tun yanzu. Ruwa na narkar da shi ko bayan shekara. Hawa goma sha biyar ɗin Malam ba za su yiwu da shi ba, uku ko huɗu ne, ja ɗaya ɗaya da hannu marar nauyi. Kuma ba ya son ƙyallen da ke motsi. Takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, yake so, wadda aka jiƙa minti 5 aka kafe a allo ta bushe a miƙe. In hawa da yawa kake so, kwaɓa garin ƙasarka da ruwa tukuna, sannan ka zuba shi cikin ruwan gam ɗin akirilik. In ka zuba shi busasshe sai ya yi gudaji, buroshi ya riƙa fasa su yana jan layi.

Shuni kuma na fi ganin amfaninsa ta hanyar rini. Tsoma ƙyallen gaba ɗaya a baba minti kaɗan, ka fid da shi, ka ba shi iska minti 10 zuwa 15. Kore-kore zai fito, a gaban idonka ya juye shuɗi. Tsomi na biyu ka bar santimita 6 na sama a waje, na uku 12, haka har tsomi goma. Za ka samu matakala goma daga shuɗin sararin safiya zuwa mai duhu, ba ka taɓa buroshi ba. Sa ƙyallen da fid da shi a hankali ake yi, kuma kada a bari ya riƙa ɗiga cikin ruwan, don iskar da ke shiga ita ke kashe baba. Wannan aiki ba ya karɓar gaggawa, ruwan kansa kwanaki yake ɗauka kafin ya nuna. Aboubakar Fofana na Mali a kan wannan ya kafa aikinsa, Abdoulaye Konaté kuma da yankakkun ƙyallaye rinannu yake jera launi daga haske zuwa duhu.

In bula za ka yi amfani da ita, gwada ta. Ta gaske gari ce, tana kwanciya a gindin kofi, kuma in ka matsa mata lemon tsami launin ya gudu, ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ba ta jin tsoron rana, tsami kawai za ka kiyaye mata. Wadda ta narke ta rina ruwan gaba ɗaya rini ce, ita ke koɗewa. Kowane launi dai ka shafa shi a takarda, ka rufe rabi da kwali, ka bar shi a taga mai rana mako 6, sannan ka buɗe ka gani.

Mushe na Zango:

Malam da Hajiya sun ba ka aikin hannu cikakke. Sai dai ƙanena, hawa goma sha biyar masu kyau ma suna iya ba ka bango mai kyau kawai. Abin da ke raba zane mai natsuwa da bango shi ne zanen yana ɓoye wani abu sai ga wanda ya daɗe a tsaye.

A wani bincike da aka wallafa a 2001 an auna yadda mutane ke kallo a gidan adana zane na Metropolitan a New York, aka samu matsakaicin tsayuwa gaban zane ɗaya wajen daƙiƙa 27 ne. Masu irin wannan zane da wannan gajeriyar tsayuwa suke kokawa. Ad Reinhardt na Amurka ya yi baƙaƙen zanuka, santimita 152 a kan 152. Kallon farko baƙi ne ƙirin. Sai ido ya yi mintuna ya saba sannan ya ga ashe gida tara ne, wani baƙin ya karkata ja, wani shuɗi, wani kore. Ka ga ke nan natsuwa ba farin launi ba ce, duhu ma yana yi. Na Agnes Martin kuma, waɗanda yawancinsu santimita 183 ne a kan 183, daga nesa hazo-hazo ne, da ka matso sai ka ga layin fensir yana ɗan rawa yana tsallake zaren ƙyalle. Zanenka yana bukatar abu biyu irin haka, na nesa da na kusa. Bango abu ɗaya gare shi daga ko'ina ka tsaya.

Abu na farko da za ka riƙe, tazarar haske da duhu. Ɗauka daga baƙi zuwa fari mataki 10 ne. Ka tsare zanen duka cikin mataki 2 ko 3 masu maƙwabtaka. Ɗauki hotonsa da waya ka mayar da shi baƙi da fari: duk wurin da ya yi tsalle ya fita daban, can ido zai maƙale ya daina yawo. Bambanci ya zo ta ɗumi da sanyin launi, kada ya zo ta duhu.

Na biyu lissafi, kuma a takarda ake gama shi kafin a taɓa ƙyalle. A 80 ɗinka, cire santimita 4 sama da ƙasa, saura 72. Ko ratsi 9 masu faɗin santimita 8, ko layukan fensir masu tazarar milimita 12, gida 60 ke nan. In raga za ka yi, kada gidajen su zama murabba'i a kan ƙyalle murabba'i, abin yana yin tauri. Martin da gangan take sa gidajen ragarta su fi tsawo ta gefe ɗaya. Fensir H ko HB, don 2B laushi gare shi, garinsa yana bazuwa cikin ruwan launi ya yi datti. Sa alama a gefe biyu, ka ja zare tsakaninsu, ka bi shi da gajeriyar rula ta santimita 40 ko 50, kana matsar da ita. Doguwar rula tana danna ƙyalle, kuma inda layi ya haɗu da layi shi ne inda ake ganin hannun mutum. Kada ka yi amfani da salatif don fid da baki, kaifinsa ya yi yawa, aikin inji yake komawa. Ratsin da zai kwanta ka shafa shi ƙyallen yana tsaye ta ɗaya gefen, yadda in ruwa ya gangara zai bi tsawon ratsin, ba zai keta na ƙasa ba.

Na uku maimaici. Lee Ufan na Koriya a shekarun 1970 yakan cika buroshi da shuɗin garin dutse da gam, ya ja daga sama zuwa ƙasa har launin ya ƙare da kansa, ya sake cikawa ya ja na kusa da shi. Park Seo-bo, shi ma na Koriya, wanda ya rasu a 2023, fensir yake ja cikin jiƙaƙƙen fenti, layi bayan layi, dole ya gama kafin ya bushe. A duka biyun mai kallo yana ganin lokacin da aka ɗauka, ja bayan ja. Duk wanda ya riƙe alƙalamin gamba ya rubuta allo ya san yadda tawada ke farawa da ƙarfi ta tafi tana siracewa. Gwada ja 40 a takarda, kowane da numfashi ɗaya, ba ƙarin launi a tsakiya, a zama ɗaya. Kashe waya. In aka katse ka a ja na 23, wurin zai nuna, don hannun da ya dawo ba shi ne wanda ya tashi ba.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne kwaikwayo. Zane mai launin toka-toka da layi biyu ya cika intanet, ana saye don ya dace da kujerun falo. Wanda ya ɗauko ragar Martin bai ɗauko dalilinta ba, irin wannan zai yi. Dubi Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo, wanda gidan adana zane na Tate Modern a Landan ya baje aikinsa a 2013. Yana da jerin zanuka a kan itacen haraz, wato gawonmu, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A wasunsu itacen ya koma layi ɗaya a tsaye da siraran layuka a kwance, amma daga gawo ya taso. Gawon nan shi ne cike da gonakin Matamaye da Magarya. Ga duwatsun unguwar Birni da rana tsaka in hazo ya sauko, dutse da sama sun kusa zama launi ɗaya. Ga tsohon yaɓe mai shacin yatsun magini a jere, kowane kwalɓe da ƴar inuwarsa. Zauna gaban ɗaya rabin awa, ka rubuta launi uku da tazara ɗaya, ka gina zanen a kansu. Girma ma ba dole ba ne: Nasreen Mohamedi ta Indiya da tawada da fensir a takarda ta yi aikin da ake ji da shi.

In ka gama, juya shi ya fuskanci bango mako guda. Sannan ka zauna gabansa minti 10. Abin da ya fara jan idonka yawanci shi ne abin cirewa. Martin kanta takan lalata waɗanda ba su yi ba, kuma ta bar New York a 1967 ta yi shekaru ba ta zana ƙyalle ba.

Ɗan Birni:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Saura abu ɗaya Malam. In an gama, a shafa masa banish don ƙura? Kuma wane irin wuri ya kamata a rataye shi? Ɗakin yana da taga ɗaya ta arewa da ƙwan lantarki ɗaya a tsakiyar rufi.

Malam Mai Zayyana:

Amin ƙanena. Banish mai ƙyalli kada ka kusance shi, zai mayar da zanen madubi, mai kallo ya riƙa ganin taga da rigarsa. Na kafintoci kuma ja yake yi cikin ƴan shekaru. Marar ƙyalli na masu zane shi ma da sharaɗi: in ka shafa shi kai tsaye a fuska mai ƙishi, ruwansa ya shige ya bar farin garinsa a sama, duhun zanen ya yi toka. Sai ka fara da hawa ɗaya na ruwan gam ɗin akirilik mai ƙyalli, kashi 2 a ruwa kashi 1, ya yi kwana 2, sannan banish ɗin, siriri, hawa ɗaya ko biyu. Gwada a guntun ƙyallen nan na gefe tukuna. Aikin ƙaro ba a yi masa banish ko kaɗan, gilashi ake sa masa, da ɗan kwali a gefe da zai raba su milimita 3 zuwa 5 don kada takarda ta manne.

Ka san kuma akirilik yana laushi da zafi. A Afrilu da Mayu in gari ya haura digiri 40, fuskar zanen da ya bushe tun hunturu takan yi ɗan danƙo, ƙurar da ta sauka a lokacin ta zauna ke nan. Kada ka rataye shi dab da rufin kwano ko a bangon yamma da rana ke dafawa. Kakkaɓe shi da busasshen buroshi mai laushi da sassafe, sau ɗaya a mako, daga sama zuwa ƙasa. Jiƙaƙƙen tsumma tura ƙurar yake yi cikin zaren, kuma wurin da ka goga zai yi sheƙi ya bambanta da sauran.

Tagar arewa tana da kyau, amma littattafan Turai da ke cewa rana ba ta shiga ta nan don ƙasarsu suka faɗa. Damagaram tana wajen digiri 14 ne arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi. A waɗannan watanni sa farin labule. Rataye zanen a bangon da ke gefen tagar, haske ya zo masa a karkace ya fito da saƙar ƙyalle da layin fensir. In ya fuskanci tagar kai tsaye komai shafewa yake yi. Ƙwan tsakiyar rufi in mai fari-shuɗi ne yana kashe launin ƙasa, nemi mai haske mai ɗumi, wanda aka rubuta 3000K zuwa 4000K a kwalinsa, kada ya cika ƙarfi.

Tsakiyar zanen ya kai santimita 145 zuwa 150 daga daɓe in a tsaye za a kalla. In ɗakin na zaman tabarma ne, sauke shi zuwa wajen 100. Bar masa bangon shi kaɗai, kalanda da agogo su koma wani gefe, ka ajiye abin zama mita 2 daga gare shi.

Wurin ajiya kuwa a tsaye, a kan bulo biyu saboda gara da ruwan damina, tazarar tafin hannu daga bango. Kada leda ta taɓa fuskarsa, da zafi mannewa take yi ta bar shacinta. Kada kuma ka haɗa biyu fuska da fuska sai da ƴan kwalaye a kusurwoyi huɗu da za su raba su. Rufe bayan kowane da kwali mai kauri, don ƙurar da ke taruwa tsakanin ƙyalle da katakon ƙasa tana jan laima, daga nan ruɓa ke farawa.